Kyankyason Auta

Shekara ashirin da uku ina gyaran rediyo da fanka da dutsen guga, kuma ban taɓa mayar wa mutum kayansa na ce ya fi ƙarfina ba. Na fara da wannan ne don kada wani ya ji ƙarshen labarin ya ɗauka ɗan koyo ne ni. Matsalata guda ce, matata ma ta gaji da faɗa: hannuna ba ya jin magana. In na ga wayar wuta a sake, ko a gidan surukai ne, sai na ɗaure ta kafin in gama gaisuwa.

'Ya'yana biyu ne suka shiga gasar haɗa mutum-mutumi ta makarantu. Rukuni uku aka yi: 'yan firamare, 'yan ƙaramar sakandare, da 'yan babbar sakandare. Babban ɗana, wanda muke kira Dogo, yana rukunin manya. Shi ne na riƙa ɗauka shago tun yana ƙarami, shi na koya wa riƙon ƙarfen narka dalma, kuma da bakina nake kiransa Injiniya. Amma tun da suka fara haɗa nasu bai taɓa kawo shi gida ba. Sau uku ina tambaya, yana cewa, "Baba, doka ce, a makaranta ake kulle shi." Sai daga baya na gano babu wata doka. Shi ya kafa ta, kuma saboda ni.

Ita kuwa Auta, 'yar aji shida, makarantarsu ba ta da wurin ajiya, don haka nata a gida yake kwana. Abin da aka ce 'yan firamare su haɗa bai da yawa: 'yar mota mai tafiya da kanta, ta bi baƙin layin da aka zana a kan farin allo, ta sha duk kwanar da ke ciki har ƙarshe ba tare da ta kauce ba. Malamarsu ta ba kowa ƙananan injina biyu, da batir, da wasu idanu biyu masu bambance baƙi da fari. Sauran kuma kowa ya san yadda zai yi.

Kai, da za ka ga abin da yarinyar nan ta haɗa! Gangar jikinsa robar da take kai abinci makaranta ce. Tayoyinsa murafen kwalbar man shafawa. Taya ɗaya ta naɗe ta da robar ɗaure gashi, ɗayar ta bar ta tsirara. A goshinsa ta manna cokali da salatif. Idanun nan biyu ta zagaye su da kwali kamar an ɗaura musu siket. In ka buɗe murfin, wayoyi ne murɗe da hannu, batirin kuma abin maƙale shanya ne ya riƙe shi. Ta sa masa suna Kyankyaso, saboda yadda yake karkaɗa kai dama da hagu in yana tafiya.

Duk ranar da na kalli abin nan sai hannuna ya fara ƙaiƙayi. 'Yar mai gyara guda, a gaban jama'a, da cokali!

"Auta, kawo in ɗan duba miki," na ce wata rana.

"A'a, Baba. An ce mu da kanmu. Har hannu muka sa a takarda cewa babu babban da ya taɓa."

"Dubawa kawai fa na ce."

"Baba, kai da sukudireba kake dubawa."

Uwarta ta fashe da dariya daga kicin. Ta leƙo ta ce, "Baban Dogo, in hannun ne ke ƙaiƙayi, ga fankar ɗakinmu can, shekara biyu tana jiran ka duba ta." Fankar gida ba gudu za ta yi ba, kowa ya sani.

Ana gobe gasa, Auta ta saka Kyankyaso cikin kwali, ta liƙe shi da salatif, ta rubuta KADA A TAƁA a kowane gefe. A sama kuma ta ƙara HAR DA BABA. Daga nan ita da uwarta suka tafi gidan gwaggonta, za a yi mata kitso.

Na dawo cin abincin rana na tarar babu kowa, sai ni da kwalin nan a kan tebur. Wallahi ban yi niyya ba. Ina ci ina kallonsa. Na gama, na wanke hannu, na kai bakin ƙofa, na dawo. Na ce bari dai in ga ko batirin ya zauna daidai, ai wannan ba taɓawa ba ce.

Minti arba'in na yi a kansa. Na cire murafen kwalba na saka masa tayoyin wata motar wasa da mai ita bai dawo karɓa ba, baƙaƙe, sumul, girmansu ɗaya. Na yage siket ɗin kwali. Na ɓalle cokali na wanke na mayar kicin. Wayoyin da ta murɗe duk na kama su da dalma, suna ta ƙyalli. Abin da na cire kuwa na zuba a aljihun rigar aikina, domin mu masu gyara ba ma yar da komai, ko noti ɗaya ne. Na ɗaga shi sama na kunna, tayoyi suka juya gwanin sha'awa. Ban gwada shi a kan layi ba. Me zan gwada? Aikina ne.

Akwai wani abu da nake yi a shago wanda ya zame mini jiki. Duk abin da na gyara, kafin in rufe, sai na manna 'yar sitika a ciki: AN GYARA, da kwanan wata, da lambar wayata. Tana hana gardama in mutum ya dawo yana cewa ba a yi masa aiki ba. Sau dubu nawa na yi haka, Allah kaɗai ya sani. Ban ma san lokacin da babban yatsana ya manna ta a cikin murfin robar ba. Na rufe, na mayar cikin kwali, na liƙe salatif daidai inda yake, na koma shago ina fito.

Washegari muka isa zauren gasar da wuri. Wuri ne babba, fitilu ko'ina, an jera tebura rukuni-rukuni, an ja igiya tsakanin yara da iyaye. Ni da rigar aikina na zo, duk da mitar da Maman Dogo ta yi mini a hanya. Can ƙarshen zaure na hango su Dogo da nasu, wani mutum-mutumi mai dogon hannu da ke ɗaukar katako yana jerawa. Muna haɗa ido da Dogo ya matsa ya tare shi da jikinsa. Ɗan da na haifa!

Kafin a fara, kowane yaro sai ya kai nasa teburin bincike. Wadda ke binciken 'yan firamare wata injiniya ce mai tabarau, irin matan da ba ka sanin ko sun taɓa dariya. Ita ce alƙaliyar rukunin. Teburinta kusa da igiya yake, ina jin komai.

Aka kira Auta. Ta yanke salatif, ta buɗe kwali, ta tsaya cak. Ni kuwa ina bayan igiya na buɗe ƙirji ina jiran ta juyo da murna. Ba ta juyo ba. Ta dai ciro shi ta ɗora a kan tebur.

Alƙaliya ta juya shi, ta buɗe murfin, ta daɗe tana kallon dalmar nan. Na ce a raina, ai dole, ba kullum ake ganin aiki irin wannan ba. Sai ta juya murfin ta gyara zaman tabarau. Ta ciro wayarta, tana kallon murfin tana danna lamba.

Wayata ta ɗau ƙara a aljihu. Kuma wayata ba irin mai kunya ba ce, na ƙure ƙararta saboda hayaniyar bakin titi. Da na bar ta ta yi ta kuka ma da sauƙi. Amma na ga baƙuwar lamba, kuma baƙuwar lamba aiki ce. Na ɗaga na ce da ƙarfi, yadda na saba:

"Shagon gyara, me ya lalace?"

Muryata ta fito daga wayar alƙaliya. Duk layin iyayen nan suka waigo. Maman Dogo ta ja mayafi ta rufe fuska, ta matsa gefe taku uku kamar ba tare muka zo ba.

"Malam," in ji alƙaliya, har yanzu wayar na kunnenta ga ni ga ta, "ka ƙaraso nan."

Na ƙarasa. Ban san zaure na da tsawo haka ba.

"Kai ne mahaifinta?"

"Ni ne, ranki ya daɗe. Ɗan dubawa kawai na yi."

"Da dalma?"

Wani a bayana ya tuntsire da dariya. Na gane shi, mai rediyon da na gyara wa sau biyu ne. Zai dawo ai.

Alƙaliya ta ciro takardar da Auta ta sa wa hannu, ta shimfiɗa a gabanta. Ta ce, "Yarinya, kin rubuta nan cewa ke kaɗai kika yi. Doka ta ce in an samu hannun babba, a cire yaro daga gasa, a kuma rubuta wa makarantarsa cewa ya yi ƙarya. Kina da abin cewa?"

A nan ne dariyar ta ƙare mini. Ni na yi, amma ita za a kira maƙaryaciya. Wata biyu yarinyar nan tana dawowa daga makaranta ta baje a tsakar ɗaki da layin da ta zana a bayan tsohuwar kalanda. Na buɗe baki zan yi rantsuwa, alƙaliya ta ɗaga mini hannu.

Auta ta dubi takardar. Idonta ya cika amma ba ta bar ko ɗigo ya sauko ba. Ta ce, "Ni na haɗa shi, Malama. Jiya na rufe shi yana aiki. Shi ya ɓata mini."

"Ɓatawa?" Bakina ya riga ni. "Auta, dubi tayoyin nan fa!"

"A ɗora shi a kan layi," in ji Auta. Ba da ni take ba.

Aka ɗora shi a allon gwaji. Alƙaliya ta danna maɓalli. Kyankyaso ya zabura kamar an tsikare shi, ya yi taku ɗaya a kan layi, ya karkace hagu, ya zagaya wuri ɗaya sau uku, sannan ya miƙe sak ya faɗo daga tebur ya shige ƙarƙashin kujerar alƙaliya. Yana can a kife tayoyin nan masu kyau suna ta juyawa a iska.

Alƙaliya ta sunkuya ta ɗauko shi. Na rantse na ga gefen bakinta ya motsa. Ta ce, "To, doka ta hana a taimaki yaro. Wannan kuwa ban ga taimako a cikinsa ba." Ta dubi agogo. "Saura minti arba'in a kira rukuninku. Ki zauna nan gabana, ki cire duk abin da ba naki ba, ki mayar da shi yadda kika ce yake. In ya bi layi, na yarda ke kika yi. In bai bi ba, zan rubuta abin da doka ta ce."

Auta ta dubi robar, ta dubi cikin kwali. Wayam. Sai a lokacin ta kalle ni, karo na farko tun safe.

"Ina kayana?"

Na sa hannu a aljihu. Alhamdu lillahi da rigar da aka yi mini mita a kanta! Na fara zazzagewa a kan tebur: murafen kwalba biyu, robar gashi, abin maƙale shanya, siket ɗin kwali a yage, notuna bakwai da ba nata ba, fis ɗin dutsen guga, da rabin biro.

"Cokalin fa?"

"Yana kicin."

"Au, shi ne cokalina da nake nema wata biyu?" in ji uwarta daga bayan igiya. Mayafin ya sauka yanzu.

Auta ta ƙare mini kallo daga sama har ƙasa. Idonta ya tsaya a ƙuguna. "Ba ni makullan shago."

"Makullan shago? Me za ki yi da..."

"Baba."

Na kwance na ba ta. Alƙaliya ta nuna mini igiya. Na koma bayanta, Maman Dogo ta kama hannuwana biyu ta cusa mini su a aljihu, ta ce in na fito da ɗaya ita da kanta za ta kira masu gadi.

Ban taɓa shan wuya irin ta minti arba'in ɗin nan ba. Ina kallo ta fizge tayoyina ta ajiye gefe. Ta sa almakashi ta datse dalmata ɗaya bayan ɗaya, ta feƙe wayoyin da haƙori, da haƙori fa, ta murɗe su da yatsa. Alƙaliya na tambayarta tana amsawa ba tare da ta ɗago ba. Robar gashi? Injin dama ya fi na hagu ƙarfi, shi ya sa ta naɗa wa tayar hagu roba ta ƙara mata kauri, sai su daidaita. Siket ɗin kwali? In haske ya yi yawa idanun ba sa gane baƙi, dole a yi musu inuwa. Cokali? Batir ya yi wa baya nauyi, gaban yana ɗagawa, sai an danne shi idanun za su kusanci layi.

Duk ina ji. Babu ɗaya a ciki da ban sani ba, in da na tsaya na yi tunani. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne ban san ta sani ba. Yarinyar da in ta zo shago nake cewa ta zauna can kada ta ƙone.

Ta manna makullan a goshin Kyankyaso a madadin cokali, ta ɗaga, ta cire guda biyu, ta sake ɗagawa, ta mayar da ɗaya. Aka kira 'yan firamare tana liƙa salatif na ƙarshe.

Goma sha huɗu ne a rukunin. Wasu motocin gwanin kyau, har da fenti da fitila, kuma na ga dalmar da na san ba ta yaro ba ce, sai dai su iyayensu ba sa manna sitika. Da aka zo kan Auta ta ɗora Kyankyaso ta danna. Ya tashi a hankali yana karkaɗa kai, makullan shagona suna kacau-kacau. Kwanar farko ya sha. Ta biyu ya sha. A ta uku, mai tsananin nan da ta zubar da mota biyar, ya tsaya yana rawar kai, sannan ya lallaɓa ya juya. Yara suka fara tafi suna bin ƙarar makullan. Da ya taka layin ƙarshe na yi wani ihu da ban san ina da shi ba, hannuwana dai suna aljihu.

Auta ta zo ta uku. Alƙaliya ta yage wata takarda da ta riga ta fara rubutawa, ta ɓanɓare sitikar daga murfin ta miƙa wa Auta. Su Dogo na biyar suka zo a rukunin manya, hannun nasu ya saki katako a kan ƙafar wani alƙali. Da Dogo ya kawo na duba masa... to, bari dai in yi shiru.

A hanyar gida na yi ta jan Auta da hira, tana kallon taga. Na ce ta yi ƙoƙari. Na ce tayoyin nan dama ba su da kyau. Sai da muka kusa gida ta ce, a hankali, "Baba, wata biyu kana ganin cokalin nan. Ko sau ɗaya ba ka tambaye ni me ya sa na saka shi ba."

Na ji kunya, kuma ba irin ta zaure ba, wannan ta fi ciwo.

Kwana huɗu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ta dawo mini da makullai ta hannun uwarta. Ran na biyar na dawo cin abincin rana, na shiga ɗaki, iska ta buge ni a fuska. Fankar nan ta shekara biyu tana juyawa, har da waiwaye dama da hagu.

"Wa kuka kai wa?" na tambayi Maman Dogo. Raina har ya fara ɓaci, a ce fankar gidana a shagon wani.

"Buɗe ka gani, tunda ba ka iya haƙuri."

Na kashe, na kwance bayanta. A cikin murfin ga sitikata, wadda aka ɓanɓare daga Kyankyaso, an manna ta da salatif. An soke lambar wayata da biro. A ƙarƙashin AN GYARA an ƙara da ƙaramin rubutu: AUTA.

Wayoyin murɗe suke da hannu. Kuma a gefen injin, an cusa wata 'yar gutsurarriyar robar silifa, an danne ta da abin maƙale shanya. Ba haka ake yi ba. Ko kusa ba haka ake yi ba. Yatsuna har sun kai kanta, sukudireba na ɗaya hannun.

Na ajiye sukudireba a kan gado. Na leƙa tsakar gida, Auta tana zaune tana aikin makaranta.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Zo mana. Wannan robar silifar, me ya sa kika saka ta?"

Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon hannuwana. Na mayar da su aljihu. Sai ta shigo, ta ja kujera ta zauna kusa da fankar, ta ce in matso in ga inda ƙarfen yake gogawa.